Abakka

Litinin, 5 ga Mayu

Kunnen jikata Manaja lafiya ƙalau. Likita ya sa mata wani abu a ka irin na masu aiki a gidan rediyo, ya yi ta aika ƙara hagu da dama, duk ta waiga. Da muka fito sai da na zauna a kan dakalin bakin asibiti na yi kamar igiyar takalmina ce ta kwance, don kada 'yata ta ga fuskata. Wata biyu ina cika baki cewa babu komai, yarinya ce mai jin kai, ba ta ɓata bakinta a kan kowa. Abin da ke cikina kuwa ni kaɗai na sani.

Shekararta uku da wata huɗu, jikar tawa, kuma kalmomin bakinta ba su cika tafin hannu ba. Tun tana wata shida uwarta ke ajiye min ita a shago ta wuce ofis. A cikin kwalin zare ta koyi zama, tana bin masu saye da ido kamar ita ta ba ni jarin. Mai Takalma, maƙwabciyata a layi, ita ta laƙaba mata Manaja, sunan ya bi ta har makaranta.

Saura zancen makarantar ke nan. Sun rubuto cewa ta ciji Malamarsu sau biyu, ba ta magana sai gwaranci. Sun ba mu mako uku. Malama za ta lura da ita, sannan a zauna a yanke ko ta ci gaba da 'yan ajinsu ko mu nema mata wani wuri.

A mota 'yata ta ce, “Mama, ba wai laifinki nake gani ba, amma kasuwa ba wurin renon yaro ba ce.” Shekara ashirin da shida ina sayar da kayan ɗinki. Na san abin da ke biyo bayan ba wai.

Talata, 6 ga Mayu

Na yi barci jiya kamar an sauke min buhu. Kunne dai ya fita daga lissafi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Malama ta aiko cewa tana son mai renon yarinyar ta riƙa zuwa tana zama a aji, ko da awa ɗaya ne. Mai reno ni ce. Na bar wa Mai Takalma shago na tafi da shirin faɗa a jaka.

Babu allo, babu alli, babu A babu B. Kwanon yashi, bahon ruwa, kofunan roba, gwangwani cike da murafen kwalba, tsummokara a kwando. Ni da na yi har aji uku na sakandare ban taɓa ganin an zuba wa ɗalibi yashi an ce karatu ne ba. Na ce wa Malama in wasa da ƙasa ake so ai akwai shi kyauta a bayan layinmu.

Siririya ce, ba za ta wuce sa'ar autana ba, kuma tana ƙaro karatu ranakun Asabar. Ba ta ji haushi ba, wannan ya ɓata min shiri. Ta ce wani masani can da daɗewa ya zauna ya yi ta kallon 'ya'yansa uku yana rubutawa, ya gano cewa tunanin yaro hawa-hawa yake girma, kuma da hannu yake fara tunani kafin baki. Sai ta nuna min. Ta zuba ruwa daidai a kofi biyu, ta kira wata 'yar kumatu, yarinyar ta yarda daidai suke. A gaban idonta ta juye ɗaya cikin dogon kofi siriri, ta tambaye ta wanne ya fi yawa. Yarinya ta nuna dogon babu ko shakka. Malama ta ce sai nan da wasu shekaru, bayan ta zuba ta juye da hannunta sau ba adadi, za ta gane ruwan bai ƙaru ba.

Na ce mata ta gaya wa masanin nan akwai waɗanda har furfura ba su gane ba. Me ya sa take tsammani masu man shafawa ke son kwalba mai dogon wuya? Ta yi dariya har da riƙe baki. Na ɗan sauko.

Manaja tana can lungu ita kaɗai, ta jera murafen kwalba layi-layi, ja da ja, kore da kore. Ko kallona ba ta yi ba.

Asabar, 10 ga Mayu

'Yata ta wuni tana latsa waya. Ta karanto cewa yaron da ke jera kaya a layi, ba ya wasa da kowa, yana ihu in an taɓa, to alama ce ta kaza da kaza. Ta karanta min sunayen da turanci, idonta ya kawo ruwa. Na ce ta ajiye wayar nan, in ka tambaye ta ciwon kai sai ta auna maka likkafani.

Amma na ga layin murafen da idona. Ban gaya mata ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Malama ta nuna min littafin da take rubuta abin da ta lura. Rubutu mai kyau, ƙanana kamar ɗinkin keke. Ta rubuta cewa akwai wani sauti da Manaja ke yawan yi, abakka, ba shi da ma'ana. Akwai kuma sayyama, wato sallama, amma ba a bakin ƙofa take yin ta ba, a tsakiyar wasa take yi, wani lokaci tana miƙa wa yaro abu. Gaisuwa ba a muhallinta ba, in ji littafi.

Na sha jin abakkar nan a gida. Na ɗauka kukan tsuntsu ne irin na yara.

Na tambaye ta zancen zama ita kaɗai, ina yi kamar ba damuwa ta sa ba. Ta ce wannan bai tayar mata da hankali sosai ba. Yara ƙanana sukan fara da wasa su kaɗai, sai su koma wasa kusa da juna kowa da nasa, kafin su iya haɗa wasa ɗaya. Ta nuna min yara biyu a bakin yashi, kafaɗa da kafaɗa, babu mai kula wani. Na ce haka nake da Mai Takalma in ciniki ya buɗe.

Na samu sauƙi, ban nuna ba. Cizon ne ya fi damunta, da kuma rashin sanin ko yarinyar tana fahimtar abin da ake ce mata.

Talata, 13 ga Mayu

Yau an taɓa ni.

Na durƙusa kusa da Manaja ina jan ta da hira, don Malama ta ga a gidanmu ba a rowar magana. Mene ne wannan, murfi ko? Wane launi ne, ja ko? Kina son ruwa, e kina so. Da muka tashi Malama ta raka ni ƙofa, ta rage murya, ta ce, “Kaka, kada ki ji haushi. Cikin minti biyar kin yi mata tambaya goma sha ɗaya, kin amsa goma sha ɗaya.”

Ta ce in na yi tambaya in ƙirga goma a zuci kafin in sake buɗe baki. Goma. Malamar nan ba ta taɓa tsayawa a bayan tebur ba. A layinmu in ka yi shiru na ƙirga uku, mai saye ya riga ya juya ya ga zif ɗin maƙwabci. Shiru rami ne, aikina in cike shi kafin wani ya faɗa. Da bakin nan na aurar da 'ya'ya, na yi rufin ɗaki, na kai uwar Manaja jami'a.

Na ce mata to. Irin to ɗin da nake ce wa dillalai.

A hanya sai lissafin ya riƙa zuwa da kansa. Shekara uku tana ƙarƙashin teburina. In ta miƙa hannu na riga na ba ta. In ta buɗe baki na riga na faɗa. To me za ta ce?

Ashe ba wai ɗin 'yata yana da tushe.

Laraba, 14 ga Mayu

Na gwada ƙirgar a shago. Na kai huɗu. Mai Takalma ta leƙo ta tambaya ko haƙori ke ciwo, ta ce tun da aka kafa layin nan ba ta taɓa jin ƙarar fankar shagona ba sai yau.

Juma'a, 16 ga Mayu

Bari in rubuta wannan a tsanake.

Na je aji, na zauna a kan 'yar kujerar yara, gwiwoyina a haɓa. Na yi wa kaina alkawari yau ko gobara ta tashi ba zan yi magana ba, ko don in nuna wa Malama ba a gagare ni ba. Da baki ya rufe sai ido ya samu aiki.

Manaja ta kwashi murafenta ta kai lungu. Ta fara shimfiɗa tsumma, ta shafe shi da tafin hannu sau biyu. Ta jera manya a baya, ƙanana a gaba, masu ƙyalli a dama inda hasken taga ke faɗowa. Ta samu wani ɗan kwali ta tura ƙarƙashin cinyarta. Sannan ta gyara zama, ta harɗe hannu, ta ɗaga haɓa tana kallon masu wucewa.

Na sake dubawa. Wannan ai teburina ne. Maɓallan kwat a baya, na riga a gaba, masu duwatsu a inda rana za ta kama su. Har kwalin da nake zama a kai. Har harɗe hannun.

Sai ga Malama da kyakkyawar niyyarta. Ta ga wasu murafe sun rage a gwangwani, ta tsuguna ta miƙa hannu kan layin ta ce, “Kawo in taya ki.”

Manaja ta dube ta sama da ƙasa, ta kawar da kai gefe, ta ce, “Abakka.”

Malama ta yi murmushi ta ɗauki murfi biyu. Na ga bakin yarinyar ya buɗe ya nufi hannunta. Alkawari ya tashi. Na ce Malama ajiye, ajiye maza, ba ta sallama ba.

Ta ajiye tana kallona. Dariya ta hana ni bayani, sai da na share hawaye da bakin mayafi. Na ce mata ke kin ce za ki taya ta, kina nufin taimako. Ita kuwa taya ɗaya ta sani a duniya, wanda mai saye ke yi in ya ga kaya. Kin taya, tayin bai yi mata ba, ta ce albarka. A kasuwa albarka ai a'a ce cikin ladabi, wato ƙara ko ki wuce. Ke kuma sai ki kwashi kaya ki tafi. Ni ma da za a yi min haka da na yi cizo.

Malama ta ce ta san albarkar ciniki mana, wa bai sani ba, amma ko a mafarki ba ta haɗa ta da abakka ba. Na ce ni da nake faɗinta sau hamsin a wuni ban haɗa ba, balle ke.

Na ce ta matsa in nuna mata. Na tsaya a gaban tsumman, na ɗauki murfi ɗaya na juya shi, na taɓe baki kamar yadda teloli ke min. Na ajiye tsakuwa ɗaya. Abakka. Na yi kamar zan tafi, ta bi ni da wutsiyar ido, ba ta kira ni ba, ja'ira. Na dawo na ƙara tsakuwa. Ta yi jim, ta tura min murfin da yatsa biyu ta ce, “Sayyama.”

Wato na sallama, ciniki ya faɗa. Gaisuwar da ba a muhallinta ba ke nan.

Malama ta zauna daɓas a ƙasa ta jawo littafinta tana soke layi. Kunya duk ta rufe ta. Na tausaya mata, na ce kada ta damu, mu biyu ne a cikin kwandon.

Asabar, 17 ga Mayu

Na ba 'yata labari sau uku, kowane da ƙarin gishiri. Ta yi dariya, ta yi kuka, sannan ta ce wato dai kasuwar ce. Na ce e, kasuwar ce. Ta rasa ta wane gefe za ta riƙe maganar, ni ma haka.

Mijinta ya ce a daina ce mata Manaja, ta wuce nan, a koma ce mata Hajiya Mai Shago.

Litinin, 19 ga Mayu

Malama ta zo da zafinta, ta kwana da littattafai. Ta ce abin da Manaja ke yi babban abu ne a wurinsu. Yaron da ya mai da murfi maɓalli, ya mai da tsakuwa kuɗi, ya mai da kansa kakarsa, ya riga ya gane cewa abu yana iya tsayawa a madadin wani abu. Kalma ma haka take, in ji ta, sauti ne da ke tsayawa a madadin abu. Harafi ma haka. Wai yashin da na raina hanyar A da B ce.

Ta kawo wani masanin kuma, daban da mai kallon 'ya'yansa. Shi cewa ya yi yaro a cikin wasa yakan fi shekarunsa tsayi, kuma ya fi koyo in akwai wani babba kusa da ke ɗaga shi kaɗan sama da inda ya tsaya. Kaɗan, ba da yawa ba. In ta ce kalma ɗaya, ki mayar mata da biyu. Kada ki mayar da ashirin.

Na ce wannan ma mun riga shi. Mai saye in ya taya ƙasa ba ka tsalle sama, sai ya gudu. Kana jan shi ne taki ɗaya, ya matso, ka sake ja. Ta ce to ga shi na sani, me ya hana ni yi da jikata? Na ɗauki jakata. Malamar nan in ta shiga kasuwa za ta yi ɓarna.

Laraba, 21 ga Mayu

An buɗe wa Manaja shago a aji, da tebur na gaske. 'Yar kumatun nan ce ta fara saye. An yi rikici don ta tafi da kaya ba ta ajiye tsakuwa ba, amma ba a yi cizo ba, ƙara aka kawo. Manaja ta ja zanen Malama ta nuna ɓarauniya da yatsa ta ce, “Kawo.”

Sabuwar kalma. Na rubuta ta a bayan katin zif.

Juma'a, 23 ga Mayu

Ni, katin zif. Ko 'ya'yan cikina ban rubuta wa kalma ba.

Litinin, 26 ga Mayu

An zauna. Shugabar makaranta, Malama, 'yata, ni. Na sa mayafina mai nauyi, na shirya jawabi tun daga gida mai hawa uku, da inda zan yi sanyi da inda zan ɗaga murya.

Ba a buƙaci ko hawa ɗaya ba. Malama ta karanta abin da ta gani, har da kuskurenta, ba ta ɓoye ba. Na so in rufa mata asiri, ta hana ni da ido. Shugaba ta ce Manaja za ta ci gaba da ajinta.

Amma ba a sallame mu fes ba. Malama ta ce fahimta akwai, wasa akwai, sai dai har yanzu bakin yana baya da na sa'o'inta, kada murna ta sa mu manta. Ta ba mu takardar wata mai koyar da yara magana, za mu riƙa kai ta duk mako biyu, ita ma ta duba da nata idon. Da wata biyu da suka wuce ne da na ce ana neman a ɗora wa jikata ciwo. Yau na karɓa na ninke na sa a jaka.

A bakin ƙofa 'yata ta tambaya ko gobe in an tashi ta kawo ta shago kamar kullum. Ta yi tambayar tana neman makullin mota a jaka, ba ta dube ni ba. Na ce in ta ga dama. Na ce dama akwai wasu maɓallai da suka fita yayi, suna cin wuri.

Na dawo na sha ruwa kofi biyu a tsaye.

Alhamis, 29 ga Mayu

Ciniki ba laifi. Zare baƙi ya kusa ƙarewa, in tuna.

Da la'asar ina zaune a ƙasa bayan tebur, don bayana ya fi son ƙasa kwanan nan. Manaja ta ɗauki ƙwaryar zare shuɗi ta naɗe shi da ƙyalle, ta kwantar a cikin murfin kwali tana jijjigawa. Bakinta yana motsi, wani abu na son fitowa. Jariri ne, barci yake ji, duk suna kan harshena a jere. Na danne.

Daidai nan Dogon Tela ya iso a gurguje yana neman zif na siket, mai kaya na jiransa a shago. Ya yi sallama, ya sake, ya leƙo ta saman tebur ya gan ni a ƙasa. Na ɗaga masa hannu ya dakata. Ya ce Hajiya lafiya? Na buɗe baki zan ce ina zuwa.

Manaja ta ɗora yatsa a leɓena ta ce, “Kaka, shiyu. Zaye bacci.”

Kalma huɗu. A jere, da kanta.

Dogon Tela ya gaji ya wuce shagon ƙarshen layi, ina jin takunsa har ya ɓace. Shekara tara yana saye a wurina. Zai dawo, zif ɗin can ba ya kai wanki biyu.

Mun zauna har zare ya farka, wajen minti goma. Mai Takalma ta ce ta ɗauka na rufe na tafi. Na ce mata maƙogwarona ne ke ɗan kartawa, ƙurar yadi ce.